Mutumin da Kawu Ya Bari a Rijiya

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Kawu ya riga mu. Ya rasu wata Alhamis da hantsi, tsakiyar bazara, a gidansa na Tanut, kuma kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ina cikin aji a Damagaram waya ta same ni. Wanda ya san hanyar nan ya san ba a yi mata gaggawa, ga shi motar da na shiga sau biyu tana mutuwa. Sai da la'asar ta yi sakaliya na sauka, na tarar da ƙofar gida cike da tabarmi ana ta shafa fatiha. Wani siririn hayaƙi yana tashi daga bayan gida. Na gan shi, na ɗauka girkin baƙi ne.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a ƙauyukan Damargu, shi ya sa har ya tsufa Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a nan. Amma ba don aji nake wannan rubutu ba. Kawu ya fi shekara talatin yana rubuta wani labari da Hausa, da hannunsa, kuma kwafi ɗaya tak yake da shi a duniya, cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Allah Ya gafarta mini, tun a mota ina kuka ina tunanin akwatin nan.

A zaman makoki kowa da Kawun da ya zo yi wa kuka. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce bai taɓa wuce ƙofarta bai tambayi lafiyar awakinta ba. Wani jandarma da ya yi karatu a hannunsa ya ce har gobe in ya ga jan bik, wato jan biro, gabansa faɗuwa yake yi. Dillalan dabbobi da suka zo daga Belbeji don babban ɗansa, na ji ta katanga ɗayansu yana cewa, “Mutumin kirki ne, sai dai takarda ta cinye shi.” Na so in leƙa in ba shi amsa, sai na tuna inda nake.

Daf da magariba aka ce ana sallama da ni a zaure. Wani dattijo ne ma'aikacin coci daga Damagaram, wanda na daɗe ina gani yana zuwa wurin Kawu da ambulan a hammata. Ya yi mini gaisuwa, ya zaro wani ɗan siririn littafi daga aljihun rigarsa.

Ya ce, “Sai hanƙuri, Malama. Kin ga wannan? Sau biyar ana maido mini da shi kafin a buga shi. Ranar da wasiƙar ƙi ta farko ta zo, na kawo wa Mushe ina jiran ya rarrashe ni. Sai ya karɓa, ya soke ta a wayar ƙarfen nan da ke rataye a ɗakinsa, bisa nasa wasiƙun, ya ce, 'Yau ka zama ɗan gida. Zauna mu ga abin da suka gani.'”

Ya ce Kawu ne ya rubuta masa wasiƙar gabatarwa da Faransanci, ya sa shi ya sake ta da hannunsa sau uku har ta koma rabin shafi. Ya shafa bangon littafin, sannan ya tambaye ni abin da nake tsoro: “Nasa fa? Ya gama?” Na ce ban sani ba. Kunya ta kama ni, don in da mai sani a duniya, ni ya kamata.

Tun ina yarinya na buɗe ido na ga masu rubutu suna sintiri gidan Kawu. Teloli, malaman lakwal, wato makarantar boko, wata ungozoma daga Gangara, har da direban babbar mota. Kowa da kayensa, wato littafin rubutunsa, a leda, kowa yana ganin shi ne duniya take jira. Kawu ba ya buga littafi, ba shi da kowa a gidajen bugawa. Abin da yake da shi wani tsohon kaye ne da ya cika da adireshin masu buga littattafai na Yamai da Kano da ƙetare, kowanne da ɗan bayani a gefe: wannan yana amsawa, wannan sai an tuna masa, wannan yana ɓatar da takardun mutane. Sai kuma jan bik, sai Inna.

Inna ita ce mahaifiyata, yayar Kawu. Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, ko sunanta aka rubuta ba za ta gane shi ba. Tun rasuwar babanmu ta koma gidan Kawu da zama. Kullum bayan la'asar takan ja tabarma gindin aduwar tsakar gida ta ɗauki saƙar kabarta, shi kuma ya zauna a kujerarsa ya buɗe kayen wani ya shiga karanta mata da ƙarfi, ba tare da ya faɗa mata mai rubutun ba. Ba fuskarta yake kallo ba, hannunta yake kallo. In labari ya kama ta, yatsunta sukan tsaya cak a kan kaba, sai ya yi ɗan da'ira a gefen shafi. In ta ci gaba da saƙa, ya ja layi. In kuwa ta miƙe ta tafi korar kaza, to shafin nan ya mutu, ya gicciye shi daga sama har ƙasa.

Wani malamin lakwal ya taɓa yin fushi, ya ce ya kawo aikinsa wa mai ilimi, an miƙa wa tsohuwa. Kawu ya ce, “Ni ina jin kunyarka, ita ba ta san ka ba. Mai buga littafi ma bai san ka ba.”

Maganganunsa ba su da yawa, maimaita su yake yi har mu haddace don dole. Ya ce kada ka aika littafi a watan da ka gama shi, sa shi a akwati damina ɗaya ta wuce, ka buɗe ka ga ko har yanzu kana sonsa. Ya ce shafi ukun farko gaisuwa ce, yage su. Ya ce in mai bugawa ya fara yabonka kafin ya karanta, nemi takalmanka. Duk takardar da aka ba ka ka sa hannu, ka kwana da ita, ka kai wa wanda ya fi ka Faransanci. Da yara suka fara zuba labaransu a waya babi-babi, bai zage su ba, ya dai ce wanda ya saba da tafi kullum ba zai iya jiran wasiƙa wata shida ba. Amma dokarsa babba, wadda ba ya sallamar kowa sai ya ji ta, ita ce kwafi uku: ɗaya wurin mai bugawa, ɗaya a ɗakinka, ɗaya a wani gari. Ko kayen da kake kawo masa ba ya karɓa sai ka rantse kana da wani a gida.

Shi kuwa mai dokar, nasa ɗaya ne. Na sha ce masa ya ba ni in kai fotokopi bakin kasuwa. Sai ya ce, “Ba a kwafin abin da bai ƙare ba, ɗiyata. Gobe zan canza shi.” Da gaskiyarsa, don kullum cikin canzawa yake. Tun da aka maido masa da shi sau da yawa a shekarun farko, ya daina aikawa, ya ce sai ya gyaru. Mu kuma duk da wayoyinmu masu ɗaukar hoto, ba wanda ya yi tunanin ya zauna yini ɗaya ya ɗauke shafukan. Muna ganin Kawu da akwatinsa kamar dutsen Tanut ne, kullum suna nan.

Labarin wani mahaƙin rijiya ne a shekarar fari. Ƙauye ya ɗauko shi ya haƙa musu rijiya, ya yi gaba goma, ya yi ashirin, ya yi talatin, ƙasa busasshiya ƙamas. Mutane suna ta ɗaure kaya suna yin kudu gida-gida, shi kuma kullum ya ɗaura igiya ya sauka. Na tashi ina jin labarin nan gutsure-gutsure a gindin aduwa, har muna yi wa Kawu tsiya muna cewa ya taimaka ya fito da bawan Allah ya sha iska.

Faɗanmu a kan littafina ne. Na rubuta labarin wata ƴar masu kuɗi a Yamai, garin da duka-duka mako biyu na taɓa yi a cikinsa. Kaye uku, na kawo ina taƙama, ina jiran Kawu ya ce ga magajiyarsa. Ya karanta wa Inna ina zaune a gefe kamar ban san zancen ba. Kwana huɗu ana karatu, hannun Inna bai tsaya ba, tabarma sai tsawo take yi. Sau ɗaya ya tsaya, a wani shafi da na saka don cike gurbi, inda wata tsohuwa take liƙe bakin rumbunta da laka kowace kaka don kada maƙwabta su san babu komai a ciki.

Da aka gama Inna ta ce, “Mai rumbun nan na san ta. Sauran kuwa, wanda ya rubuta bai taɓa shiga gidan nan ba, ta taga ya leƙa.”

Kawu ya miƙo mini kayen jawur da layi, ya ce, “Littafinki yana shafi na arba'in da ɗaya. Fara daga can.”

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa ni da na yi jami'a ba za a auna rubutuna da hannun wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Na ce shekara talatin yana gyaran na mutane, shi ko takardar tsire ba a taɓa buga masa ba. A gaban Inna na faɗa, a lokacin ta gane littafin nawa ne. Ni ce ƴar farinta, ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini faɗa a gaban mutane. Ta sunkuya ta ci gaba da saƙa. Kawu ya mayar da murfin bik ɗinsa a hankali, ya ce, “Ta biyun gaskiya ce. Ta farkon ki nemi gafararta.”

Na nemi gafarar Inna, shi ban nema ba. Na kai littafin wurin wani mai injin bugawa a Kano wanda ya yabe ni tun kafin in zauna. Ya buga shi yadda yake, da hoton wata baƙuwar mata a bango, babi guda ya ɓace a tsakiya. Kwalayen suna nan ƙarƙashin gadona. Ban aika wa Kawu ba, amma ya nemo kwafi da kansa, ya aiko mini ƴar takarda ta hannun direba, layi ɗaya: “Shafin rumbu yana nan da ransa.” Ban amsa ba. Shekara uku in na zo hutu nakan gaishe shi daga bakin ƙofa, da la'asar kuma in ƙirƙiri unguwa. Da sanyin da ya wuce ya kira ni a waya, shi da ba ya son waya, ya ce, “In kin sami sarari ki zo, akwai abin da nake so ki ji.” Na ce to, sai babban hutu. Ba aiki ne ya riƙe ni ba, girman kai ne.

Washegarin rasuwa da safe na shiga ɗakinsa. An share shi tas, an shimfiɗa tabarmi, matan da suka zo daga Tanhiya sun kwana a ciki. Wayar wasiƙu babu ita a bango. Akwatin ƙarfe yana kusurwa a buɗe, an zuba ƙullin kayan baƙi a ciki. Na fito na sa aka kira mini babban ɗan Kawu, abokin wasana, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsokana. Ya bar lakwal da wuri ya bi dabbobi, karatun boko ba ya gabansa.

Na ce, “Ina takardun Kawu?”

Ya ce, “Na killace su.”

“A ina?”

“Bayan gida. Na ƙona su, na bizne tokar.”

Na zauna a ƙasa. Shi kuwa ya tsuguna yana yi mini bayani da natsuwa, irin ta wanda ya sauke nauyi. Ya ce baƙi sun yi yawa, ana son ɗaki. Da aka fitar da takardun tsakar gida iska ta fara kwasarsu, har akuya ta ja guda biyu. Ya ɗauka ya duba, ya ga Bisimilla da rubutun Larabci a saman kowane shafi, don haka Kawu yake buɗe duk shafin da zai rubuta.

Ya ce, “Sunan Allah ne, ke ma kin sani. In bar shi a ƙasa ana takawa, akuya tana ci, ranar da aka bizne mai shi? Da alwala na yi, da hannuna, ko ɗaya ban bari ta tashi ba. Na ga duk jan bik ne, na ce aikin ƴan lakwal ne na da.”

Na ce masa ya ƙona ubansa. Maganar da na faɗa ke nan, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ya dube ni, ya ce, “Ni ban taɓa sanin abin da ke cikinsu ba. Bai taɓa zaunar da ni ya karanta mini ba. Ke da ya zaunar, ina kika shiga?”

Abin da ya yi shi ake yi a kowane gida na garin nan, haka aka koya mana, takarda mai sunan Allah ba ta zama shara. Ladabi ne ya ƙona littafin Kawu. Na je bayan gida na tarar da wurin, an yayyafa ruwa an daddale ƙasa, har an ɗora dutse don kada kaji su tona.

Inna ta haura saba'in, ga tari da ya kama ta tun sanyi, muna ganin kamar ita ma bin ƙanenta za ta yi. Ranar da aka yi sadakar bakwai baƙi suka watse, da la'asar sai na ga ta ja tabarma gindin aduwa, ta ɗauko kaba. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ke, ɗauko kaye.”

Na ɗauko. Ta gyara murya, ta fara daga ranar da mahaƙin rijiya ya shigo ƙauyen da jakinsa. Da maganar Kawu take faɗa, har inda yake jan numfashi. Shekara talatin tana ji, kowane gyara a kunnenta aka yi shi. Na nemi izini wurin aiki na zauna. Kullum la'asar tana faɗa ina rubutawa, tari ya tsayar da ita, in ba ta ruwa, ta ci gaba. Wani wurin ta ce, “Nan akwai zancen wani sarki, amma ya soke, don ranar na tashi korar kaza.” Wani wurin ta manta, sai in bar fili. Ba duka ya dawo ba, kuma na san akwai inda bakinta ya shiga bakinsa. Ina rubutu ina kallon ƙirjinta, ina roƙon Allah Ya bar mini ita mu kai ƙarshe.

A cikin kwanakin abokin wasana ya zo daga Belbeji. Bai shigo da tsokana ba. Ya ajiye jan bik ɗin Kawu a bakin tabarma, ya ce a kan takardun ya same shi, ya sa a aljihu. Daga nan ya nemi wuri nesa kaɗan ya zauna yana ji. Duk ranar da ba kasuwa sai ya zo.

Ana nan har muka kai inda ƙauyen ya watse, saura matar mahaƙin ita kaɗai a bakin rijiya tana riƙe da igiya. Shi yana can ƙasa, ya wuce gaba arba'in, ya ji ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafarsa, ya ɗaga diga. Sai Inna ta yi shiru. Na jira tari, bai zo ba.

Na ce, “Sai me, Inna? Ya sami ruwan?”

Ta ce, “Ban sani ba.”

“Kin manta?”

“Ban manta ba. Bai karanta mini ba. Da sanyin nan ya gama, na gan shi ya rufe kaye ya yi hamdala. Na ce to karanta mana. Ya ce, 'Yaya, wannan babin sai ɗiyarki ta zo. Ni zan karanta, ke ki yi saƙa, ita ta riƙe bik.' Kullum la'asar sai ya fito da shi ya aje a cinya, ya karanta mini na wasu, ya mayar.”

Mutane da dama sun ce in rubuta ƙarshen da kaina, ai ni ma marubuciya ce. Na gwada. Na rubuta an sami ruwa, na karanta wa Inna, hannunta bai tsaya ba. Na rubuta ba a samu ba, ta miƙe ta tafi duba tukunya. Na gicciye su duka biyu da jan bik.

Abin da Inna ta faɗa na yi masa kwafi uku. Ɗaya yana wurina, ɗaya yana Belbeji wurin abokin wasana, wanda ya sa aka ɗinka masa jakar fata, ɗaya dattijon coci ya taya ni aikawa da wasiƙar rabin shafi. Amsa ta zo cikin ladabi, sun ce labari ne mai ƙarfi amma ba shi da ƙarshe. Na ɗaura sabuwar waya a bangon ɗakin Kawu na soke ta, zan kuma sake aikawa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya saka masa da kowace la'asar da ya ba wa rubutun wasu. Duk mai kaye a leda da ya taɓa zama gindin aduwar nan, ya sa shi a addu'a, ya kuma je yau ya yi kwafi. Ni kuma ku roƙa mini gafara. Mutumin yana nan a ƙasan rijiya da diga a sama, matarsa tana riƙe da igiya, kuma Kawu ya san yadda suka ƙare. Wata huɗu yana jirana in zo in ji.